Man fuska na "oganik" da alƙawarin mayar da tsohuwa yarinya

Wata Hajiya daga Aboabo a Kumasi ta aiko da tambaya: "Shekaruna 46. Tamoji ya soma fito min a gefen ido, ga baƙi-baƙi a kumatu, da hunturu kuma sai fuskar ta yi furu-furu. 'Yata ta nuna min wani mai a TikTok, wai oganik ne zalla, babu sinadari ko ɗaya, yana goge tsufa cikin mako biyu, kwalba sidi 400. Maƙwabciyata kuma ta ce in bar ɓarnar kuɗi, man kaɗe ya ishe ni. Wa zan bi?"

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Maƙwabciyarki ta fi mai TikTok kusa da gaskiya, sai dai ita ma ba ta kai ƙarshen zancen ba. Ni aikina harhaɗa magunguna, kuma a kantin da nake aiki nan Kumasi da wuya a yi mako ba a zo min da irin kwalbar nan ba, wata ba a buɗe ba, wata an shafe rabi har fuska ta nuna. Saboda haka ki yi min haƙuri, zan ɗan tsawaita.

Abu uku kika kawo, kuma ba tushensu ɗaya ba. Furu-furun hunturu ƙarancin ruwa ne a saman fata. Tamoji daga can ƙasan fata yake tasowa. Baƙin kumatu kuwa launi ne da fata ta zuba fiye da kima a wuri ɗaya. Man da zai ce ya gama da duka ukun cikin mako biyu, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma an zuba wani abu a ciki ba a rubuta a jikin kwalba ba. Na biyun ya fi ba ni tsoro, kuma zan zo kansa.

Shaidar oganik bayani ce a kan yadda aka noma tsiron da aka tatso man: ba takin zamani, ba feshin maganin ƙwari na kamfani, ba irin da aka sauya wa halitta. Zancen gona ne. A Amurka ma'aikatar noma ce, USDA, ke da tambarin, ba hukumar magunguna ba. Sai kashi 95 cikin 100 na kayan haɗin, ban da ruwa da gishiri, sun fito daga irin wannan noma kafin a buga tambarin. In kashi 70 ne, iyakar abin da za a yarda a rubuta shi ne an yi shi da kayan oganik. A Turai akwai ƙa'idar COSMOS, wadda ƙungiyoyi irin su Ecocert ta Faransa da Soil Association ta Ingila suka haɗu suka kafa. A wurinsu kirim yana iya samun shaida in kashi 20 cikin 100 na duk abin da ke kwalbar oganik ne, domin yawancin kirim ruwa ne, ruwa kuma ba a nomansa. Babu ɗayansu da ke gwada ko man yana rage tamoji. Masu duba gona da masana'anta suke turawa, ba likitocin fata ba. Wannan fa ga wanda ya samu shaidar ke nan da gaske. Wanda bai samu ba, duk mai buga takardu a Adum zai buga masa koren ganye a jikin kwali da sidi kaɗan.

Abin dariyar shi ne, man kaɗen da maƙwabciyarki ke nufi ya fi yawancin kwalaben nan kusa da abin da ake kira oganik. Kaɗanya yawanci ba shuka ta ake yi ba, da kanta take fitowa a dazukan Tamale da Wa da Bolga, mata su tsinto 'ya'yan, su dafa, su shanya, su daka, su soya, su niƙa, su kaɗa da hannu har mai ya taso. Shi ne 'yan kasuwa ke saya su tura Turai, a tace shi, a zuba kaɗan a kirim, a rubuta Butyrospermum Parkii Butter a bayan kwalba, a dawo mana da shi da kuɗin da ya ninka sau nawa. Takardar shaida ce kawai yawancin matan nan ba su da ita, domin samunta kuɗi ne.

Batun "babu sinadari" kuwa, ki lura da abu ɗaya. Duk kirim fari mai laushi da ke shiga fata nan da nan, ruwa ne da mai aka haɗa, su kuma ba sa zama tare sai da sinadarin da zai riƙe su. Inda kuma ruwa yake, ƙwayoyin cuta da fumfuna suna iya rayuwa, balle a zafi da laimar Kumasi, balle a kwalba mai faɗin baki da ake tsoma yatsa safe da dare. Dole sai an sa abin hana lalacewa. Ko kirim mai shaidar COSMOS yana ɗauke da irin su sodium benzoate da potassium sorbate, kuma ba laifi ba ne, kariya ce. Wadda ta ce miki kirim ɗinta ba shi da ko ɗaya, ko ba ta san abin da ta haɗa ba, ko kuma zai lalace a hannunki ba ki sani ba. Man kaɗe zalla ba shi da wannan matsalar sosai tunda ba ruwa a cikinsa, sai dai ya daɗe ya yi warin tsohon mai.

To me man shafawa yake yi? Saman fatarki wani siririn rufi ne, bai kai kaurin takarda ba, aikinsa hana ruwan jiki fita. Iskar hunturu, sabulu mai ƙarfi, da yawan wanki suna raunana shi. Sabulun salo da muke so, alata samina kamar yadda ake kiran sa a nan, yana da kaifi ga fuskar da ta riga ta bushe, domin ita fata ɗan tsami-tsami take so, shi kuma daga toka aka yi shi. Mai mai kyau abu biyu yake yi: ya jawo ruwa ya riƙe, wannan aikin gilisarin ne da yuriya da hayaluronik asid, sannan ya rufe kada ruwan ya tsere, wannan aikin man kaɗe ne da basilin. A wajen rufewa babu abin da ya kama ƙafar basilin, yana tare sama da kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke fita, ga shi ba ya cika jawo ƙaiƙayi, amma ba zai taɓa samun shaidar oganik ba domin daga man fetur aka tato shi. Kin ga shaidar da amfanin kowa hanyarsa daban.

Idan fata ta sha ruwa, ƙananan layukan da bushewa ta jawo suna miƙewa cikin awa kaɗan. A nan ne duk kasuwar "hana tsufa" ta kafa rumfa. Kin san yadda mai sayar da ganyen kontomire ke yayyafa masa ruwa da rana ya miƙe ya yi shar. Ya yi kyau da gaske, amma ba a mayar da shi gona ba, in ruwan ya bushe sai ya sake lanƙwashewa. Hoton "kafin" da "bayan" da ake nuna muku yawanci wannan ne, a haɗa da sauyin haske da tacewar kyamarar waya. Man sidi 30 zai yi miki wannan aikin, man sidi 400 ma shi zai yi.

Tamoji na gaske labarinsa daban. A ƙarƙashin wancan rufin akwai shimfiɗar kolajin da ke riƙe fata ta tsaya cak. Tana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara bayan an girma, kuma mace tana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekara biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada. A shekarunki kina gab da wannan gaɓar, shi ya sa kike ganin sauyin yanzu. Kirim ɗin da aka rubuta wa kolajin ba ya mayar da wanda ya tafi. Masana fata suna da ma'auni: abin da nauyin ƙwayarsa ya wuce dalton 500 da ƙyar yake ratsa lafiyayyar fata, kolajin kuwa yana kusan dalton 300,000. A sama yake zama, ya riƙe ɗan danshi, a wanke shi da alwalar azahar. Haka masu cewa sun sa "ƙwayoyin halitta na tuffa" ko na wani tsiro: matattun ƙwayoyin tsiro ne a cikin kirim, ba su da hanyar zama fatar ɗan Adam. Kuma ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke wuce gona da iri ba. A 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta tuhumi L'Oréal kan tallan da ke cewa wasu mayukansa suna zaburar da ƙwayoyin gado su mayar da ƙuruciya, har kamfanin ya amince ba zai sake irin wannan iƙirari ba sai da hujjar kimiyya. In ka ga an rubuta "mata tara cikin goma sun ce fatarsu ta yi laushi", ra'ayi aka tambaya bayan an ba su kyauta, ba aunawa aka yi ba.

Abubuwan da aka gwada aka ga suna aiki ba su da yawa, kuma na farkonsu mutanenmu ba sa son jin sa: man kariya daga rana. A garin Nambour na Ostireliya an bi mutum 903 tsawon shekara huɗu da rabi, aka buga sakamakon a 2013. Waɗanda ke shafawa kullum tsufan fatarsu ya gaza na masu shafawa jefi-jefi da kashi 24 cikin 100. Gaskiya ne fararen fata ne aka gwada, kuma mu Allah ya ba mu tamu kariyar: wani bincike na 1979 ya auna saman baƙar fata ya samu tana tare rana daidai da SPF 13 da ɗoriya (SPF shi ne ma'aunin ƙarfin kariya daga rana), ta farar fata kuwa 3 da ɗoriya. Shi ya sa tamoji ke jinkiri a wurinmu. Amma namu tsufan ta launi yake soma bayyana, nan duhu can haske, kuma rana ce ke hura shi, har da hasken da ido ke gani, ba ɓoyayyen haskenta da ake kira UV kaɗai ba. Baƙin kumatunki, in a ɓangare biyu yake daidai da juna, yana iya zama abin da likitoci ke kira malasma, wanda ciki da magungunan tsarin iyali da rana ke tayarwa. Duk abin da za ki shafa masa, in kina wuni a bakin titi a Kejetia ba laima ba kariya, aikin banza ne. Ki nemi SPF 30 ko sama. Masu zinc oxide zalla, waɗanda masu oganik suka fi yabawa, suna barin toka-toka a fuskarmu. Mai ɗan launin ƙasa, wanda aka sa wa iron oxides, ya fi dacewa da mu, kuma shi ke tare hasken da ido ke gani. Alwala tana wanke shi, don haka in za ki koma rana bayan salla sai ki ƙara.

Na biyu dangin bitamin A ne. Tiretinoyin magani ne da likita ke rubutawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ƙananan tamoji tun 1995, kuma shi ne aka fi tabbatar da cewa yana sa fata ta saƙa sabon kolajin. Retinol ƙanensa ne, ya fi sauƙi, ana samun sa ba takardar likita. Duka biyun a masana'anta ake haɗa su, ba a gona ba. Wata uku zuwa shida suke ɗauka kafin a ga wani abu, kuma da farko suna sa bushewa da saɓa. A baƙar fata duk inda ya yi zafi yana iya barin tabo, saboda haka gwargwadon ƙwayar wake ga duk fuska, da dare, sau biyu a mako, a bi da mai. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta taɓa su.

Masu oganik suna da nasu ɗan takarar, bakuciyol, daga wani tsiro na Indiya da ake kira babci. A 2019 an buga wani gwaji na mutum 44 cikin mako 12, aka ga ya yi kusan daidai da retinol, kuma bai kai shi sa saɓa ba. Ni ban raina shi ba. Amma mutum 44 kaɗan ne, babu kuma rukunin da aka ba kirim fanko don a kwatanta, alhali tiretinoyin ya shekara talatin da ɗoriya ana gwada shi. In kin same shi kashi 0.5 cikin 100 daga kamfanin da ya rubuta adadin, ba laifi. Don tabo kuwa na fi tura mutane ga nayasinamaid, wato bitamin B3, kashi 4 ko 5 cikin 100, ko azelaik asid. Ba su da tsada, ba su cika tayar da fata ba. Bitamin C yana aiki, sai dai ba ya jure zafi da iska. Wanda ya yi wata uku a cikin kwantena a rana, ya koma ruwan ƙasa, ya riga ya mutu.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya fito daga tsiro mai tausayi ne. Mayukan ƙamshi na lemo da labanda da ciyawar lemo suna cikin manyan masu jawo ƙaiƙayi da borin fata, har Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta sunayen irin su limonene, linalool da citral a jikin kwalba don masu gudun su. Ruwan lemon tsami a fuska sannan a shiga rana yana iya ƙona fata ya bar baƙin da zai yi watanni. Man kwakwa yana toshe ramukan fuskar mai ƙuraje. Ko man zaitun, da duk albarkarsa a abinci, wani gwaji a Sheffield ta Ingila a 2013 ya nuna shafa shi kullum na mako huɗu ya raunana rufin fata, man sanfulawa kuwa bai yi haka ba.

Yanzu abin da na ce ya fi ba ni tsoro. A kasuwarmu, daga Kumasi har Nima har Legas, "oganik" ya zama mayafin da bilicin ke yafawa. Tun da hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta hana shigo da kayan shafa masu haidurokwinon, wato sinadarin haska fata, a 2016, kuma mata suka soma jin kunyar a ce suna bilicin, sai sana'ar ta sauya suna. Ana sayo kirim fari a bokiti, a matse tub-tub na sitiroid mai ƙarfi, wato maganin kumburi da ƙaiƙayin fata, irin su kulobetasol da betametason, wasu su ƙara haidurokwinon, wasu har da makuri, ƙarfen nan mai guba, a ɗiga kurkum ko man karas don launi da ƙamshi, a juye a kwalba mai kyau a ce daga ganye ne. Ba duka masu haɗawa ke haka ba, akwai masu tsoron Allah, amma ke da ke riƙe da kwalba marar jerin kayan haɗi ba ki da yadda za ki bambance. Alama ɗaya ce ba ta ƙarya: babu wani ganye, ko mai, ko saiwa da ke haska fata ko share tabo cikin mako biyu. Wa'adin da aka ba ki shi ne ya tona asirin kwalbar.

Kuma abin takaicin, ita wannan haɗin tsufa take kawowa. Sitiroid yana cinye kolajin, ainihin abin da kike son tsarewa. Da farko fuska ta yi sumul ta yi haske, kowa na tambayar sirrin. Bayan watanni fatar ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsage a hannu da cinya, ƙuraje su feso, makero ya bazu, gashi ya tsiro a haɓa, rauni ya ƙi warkewa. In ana shafa shi duk jiki yana shiga jini ya tayar da hawan jini da suga. Haidurokwinon magani ne na gaske a hannun likita, na 'yan watanni. In aka shekara ana shafawa ana shiga rana, sai ya juye ya zuba wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi, wanda da ƙyar yake fita. Makuri kuwa ƙoda yake bi, yana kuma kai wa ga jariri ta ciki da ta nono, har yaran gida ta tawul da zanin gado.

In za ki sayi kowane mai, ki juya bayansa kafin ki kalli gabansa. Ana jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka biyar ɗin farko su ne man. Zogale ko argan ɗin da aka zana hotonsa ƙato a gaba, in ya zo bayan turare a ƙarshen jeri, ɗigo ne aka sa don talla. Ki duba sunan kamfani da adireshinsa, lambar rukunin da aka yi, ranar lalacewa, da lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Ghana, FDA, wadda dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta wajabta wa kayan shafa. Ana iya duba sunan a jerin da hukumar ke da shi a intanet. Rajistar tana nufin an duba lafiyarsa, ba tana nufin yana goge tamoji ba. Ɗan hoton buɗaɗɗiyar kwalba mai 6M ko 12M yana gaya miki wata nawa zai yi bayan an buɗe. Sabon mai kuma a fara gwada shi a lanƙwasar hannu, safe da dare, kwana bakwai zuwa goma, kafin ya hau fuska.

Da ni ce ke, sidi 400 ɗin nan ba zan ba mai TikTok ba. Zan sauya sabulun fuska zuwa mai sauƙi marar ƙamshi. Da dare, fuska da sauran danshi, zan murza man kaɗe kaɗan a tafin hannu har ya narke in dafa. Kan busasshiyar fata ba ya da ruwan da zai rufe, shi ne inda maƙwabciyarki ta tsaya a rabi. In ya yi miki nauyi da damina ko ya fito miki da ƙuraje, ki koma kirim mai gilisarin a sahun farko, ki bar man kaɗen sai Disamba zuwa Fabrairu. Mafi yawan kuɗin zan sa su a man kariya daga rana, abin da ya rage in sayi nayasinamaid. Retinol sai bayan wata guda, in fata ta zauna. Ki ɗauki hoto yau a bakin taga, ki sake ɗauka a wuri ɗaya bayan wata uku, domin madubin kullum ba ya nuna sauyin da ke tafiya a hankali.

Ki kuma tambayi 'yarki ko ita ta riga ta soma shafawa. In ta yi watanni a kai, kada ta yanke rana ɗaya: fatar da ta saba da sitiroid tana yin ja, ta yi zafi, ta feso da ƙuraje in aka tsayar farat ɗaya, a nan ne mai sayarwa ke cewa "kin gani, fatarki ba ta son rabuwa da maina", a sake sayen wata kwalba. Ta ɗauki kwalbar da kwalinta ta je wurin likitan fata, akwai su a asibitin Komfo Anokye, a janye mata shi sannu a hankali, a auna hawan jini da suga da fitsari. Ke ma in baƙin kumatun bai motsa ba bayan wata uku da kariyar rana, ko kuma kin taɓa shafa mai mai haskawa a baya ko da shekara goma ne, ki faɗa wa likitan ba tare da kunya ba, domin maganin malasma daban, maganin baƙin da haidurokwinon ya bari daban, kuma maganin malasma yana iya ƙara ta'azzara wannan baƙin.